Kurakuran da mata ke yi idan suka kai ƙara kotun Musulunci ba lauya

Litinin ɗin nan na raka maƙwabciyata kotu. Ina zaune a benci na ga mata uku suna maimaita abin da ya cinye mini wata bakwai lokacin da na kai tsohon mijina ƙara. Raina ya ɓaci, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abu na farko, da'awa. Alƙali ya ce me kike nema, sai ki ɗauko labari tun daga ranar kai lefe. Ni ma haka na yi, har da kuka. Ya bar ni na gama, ya ce, "Baiwar Allah, har yanzu ban ji abin da kike nema ba." Ciyar da yara ne, ko riƙonsu, ko kul'i (wato ki fanshi kanki daga auren), ko kayan ɗaki? Nawa ne, tun wane wata? Tun daga ranar, a gida nake rubuta buƙatata layi uku, in haddace ta.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne shaidu. Ina neman keken ɗinkina da gadon kwanana, sai na ɗauko mahaifina, dattijo mai ciwon ƙafa, tun daga ƙauye, don shi ya sayi kayan. Aka ce ba a karɓar shaidar uba ga 'yarsa. Haka Malikiyya take, kuma ita kotunanmu ke bi. Ɗanki ma ba zai shaide ki ba, kuma maganarki ke mai ƙara, komai gaskiyarta, ba shaida ba ce. Da na rasa wani, aka ba tsohon mijina rantsuwa, ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Keken nan har yau ban sake ganinsa ba. Alhali matan da suka yi mini jere suna nan da ransu, da direban da ya ɗauko kayan, ban tuna da su ba! A sha'anin dukiya maza biyu ake so, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwarki. Haba 'yan uwa, ku nemi shaidunku tun kafin ku yanki sammaci, ku tambaye su abin da suka gani da idonsu. "An ce mini" ba ta aiki a gaban alƙali.

Sammacin ma, "yana Kurna" ba adireshi ba ne. Ni da kaina nake bin ɗan aiken kotu in nuna masa ƙofar gidan, in ba haka ba sai a yi ta ɗage zama.

Duk kuɗin da kika biya wurin rajistara, ki karɓi rasit. Takardar saki ki yi mata fotokwafi biyu, ta asalin ta zauna a jakarki. Ranar da aka ɗaga ki rubuta ta nan take, don in ba ki zo ba ana iya korar ƙarar. In auren rajista kuka yi, rabuwarku ta Babbar Kotun Jiha ce, can kuwa gara ki nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimakawa kyauta.

Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambaye ki ko akwai sauran magana ko shaida. Kada kunya ta sa ki ce babu alhali akwai. In hukuncin bai yi miki ba, kwana 30 gare ki na ɗaukaka ƙara, don haka ki nemi kwafinsa tun a ranar.