Yadda ake gyara launin atam idan ya rikice a Jmol da PyMOL

Wata ɗalibar kimiyyar sinadarai ta kawo mini laftof ɗinta nan Birnin Kebbi, ranta a ɓace. "Malam, duba, furotin ɗina duk ya cika da ƙwallaye kore shar, kuma gobe zan nuna aikin." Har ta sake sanya Jmol sau biyu (Jmol da PyMOL manhajoji ne masu nuna siffar furotin da sauran ƙwayoyin sinadarai a kwamfuta). A banza, domin matsalar tana cikin fayil.

Da farko ka san launin da ya kamata ka gani. Yawancin manhajojin nan suna bin tsarin CPK, daga sunayen Corey, Pauling da Koltun: haidurojin fari, oksijin ja, naitirojin shuɗi, salfa rawaya, kabon toka-toka ko baƙi. Amma PyMOL yakan ba kabon kore tun daga buɗewa. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi.

Na biyu, maido da launin asali. A Jmol rubuta "color cpk". A PyMOL kuwa "util.cbag", ko "color atomic, not elem C" in kana son kabon ya zauna yadda yake. Idan ya gyaru, shi ke nan.

Idan ya ƙi, to buɗe fayil ɗin PDB, wato fayil ɗin rubutu mai ɗauke da jerin atam na furotin ɗin, da Notepad, nan ne aikin yake. Kowane harafi yana da gurbinsa a layi. Alamar sinadarin tana gurbi na 77 da 78. In babu komai a wurin, sai manhajar ta yi hasashe daga sunan atam, gurbi na 13 zuwa 16. A nan ɗalibar ta faɗa rami: CA na kabon alfa (kabon da ke tsakiyar kowane amino asid na furotin) yana farawa a gurbi na 14, CA na kalsiyam a na 13. Ta gyara fayil ɗin da hannu, ta share tazara ɗaya, kabon ya koma kalsiyam, wanda Jmol ke nunawa da kore. Tazara ɗaya tak!

Mafi sauƙi, sake sauko da fayil ɗin daga ma'ajiyar RCSB, shafin intanet da ake ajiye fayilolin PDB. In naka ne da ka haɗa, a PyMOL rubuta "alter name CA and polymer, elem='C'", sannan ka sake sa launin.

Idan kuma kowane fayil ka buɗe a PyMOL da rikitaccen launi yake fitowa, duba pymolrc, fayil ɗin umarnin da PyMOL ke karantawa duk sanda aka buɗe shi, wataƙila wani ya bar umarnin launi a ciki, musamman a kwamfutar da ake yi wa taron dangi.