Yadda Za Ku Tara 'Yan Ajinku Bayan Shekara Talatin: Abin da Muka Yi a Garwa

Tun da hotunan taronmu suka zaga wayoyi, mutum uku suka kira ni, ɗaya daga Marwa, biyu daga Gaundare, kuma tambayarsu ɗaya ce: "Hajiya, ta ina kuka fara?" Mu ne muka rubuta bak, jarrabawar kammala sakandare, a 1994 a wani lise (makarantar sakandare) na nan Garwa, a arewacin Kamaru, muka sake zama wuri guda ranar Asabar 28 ga Disamba 2024. Ni aka ɗora wa riƙon kuɗi, littafin lissafin ma yana hannuna har yau, shi ya sa na ga gara in rubuta abin sau ɗaya kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Kada ku fara da buɗe zauren WhatsApp. Ku fara da takarda da biro. Ku samu mutum huɗu ko biyar, maza da mata, ku zauna ku zana ajin yadda yake: ga allo, ga ƙofa, ga layukan benci, sai ku riƙa cikewa, wa ke zama a nan, wa ke bayansa. Za ku sha mamakin yadda suna ke jawo suna. Wani a cikinmu har yanzu yana iya rera kiran suna daga farko zuwa ƙarshe yadda surbeyan, mai kula da ɗa'ar ɗalibai, ke yi da safe, da shi muka cike guraben da suka rage. In akwai hoton aji ku nemo, ku kuma gwada sa'arku a ofishin sansor, wato mataimakin shugaban makaranta, ko da yake namu rajistan gara ta cinye rabinsa.

A zaman nan ne za ku yanke shawarar da ta fi kowace nauyi: wane ne ɗan ajinku? Wasu za su ce waɗanda suka ci bak. Ni dai ban yarda ba, kuma na gode Allah da aka bi ra'ayina. Duk wanda ya yi zamani da mu ya san a 1993 an zabge albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Yara nawa suka bar benci a tsakanin nan, ba don kansu ba ya ja ba? Ga waɗanda probatuwar, jarrabawar aji na biyun ƙarshe, ta tare, ga 'yan mata da aka aurar da zarar sun gama burebe, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare. Muka ce duk wanda ya taɓa zama aji ɗaya da mu, daga sizyam har tarminal, wato daga ajin farko na sakandare zuwa na ƙarshe, namu ne. Sunaye 71 muka rubuta.

Bayan haka ne za ku buɗe zauren. Cikin mako biyu mun tara kusan talatin, amma da na duba su waye, sai na ga ma'aikatan Yawunde ne, da 'yan kasuwar Duwala, da biyu da ke Faransa. Waɗanda duniya ta yi wa daɗi ba su da wuyar samu. Sauran kuwa sai an taka, don zumunta a ƙafa take. Ku raba unguwanni a tsakaninku. Mu mun bi Hausare da Fulɓere da Yalwa da Pumpumre gida-gida, muna tambayar tsofaffin da ke zaune a ƙofar masallaci, na wasu kuma muka bi ta cocinsu. Wajen neman mace kada ku tambaya da sunan da kuka san ta da shi a makaranta, yanzu Maman wane ake ce mata ko Hajiya wance. Ku ce 'yar Malam wane mai ɗinki da ke bayan kasuwa, nan take za a nuna muku inda aka kai ta aure. 'Yan Cadi da muka yi karatu tare, waɗanda suka koma Lere da Pala da Njamena, direbobin tasha ne suka samo mana lambobinsu.

Akwai wanda ba zan manta ba. Shi ne gwanin lissafi a ajinmu, in malami ya maƙale a allo shi yake waiwaya ya kalla. Mahaifinsa ya rasu muna aji na biyun ƙarshe, ya bar karatu ya riƙe ƙannensa. Na same shi a bakin babbar kasuwa a kan babur yana jiran fasinja, hula ta koɗe, idanu sun yi ja saboda ƙura. Na kira shi da laƙabinsa na makaranta, ya juyo ya daɗe yana kallona, sannan ya kashe babur ɗin. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya sunkuyar da kai, ya kira ni da sunan da 'yan aji ɗaya ke kiran juna ya ce, "Promo, me zan je in yi a cikin manya?" Ban matsa masa ba. Na koma na turo masa wanda suka yi shekara huɗu a benci ɗaya, shi ma ba mai hali ba ne, malamin firamare ne a wani ƙauye ta hanyar Pitowa. Sau uku ya je, suka sha shayi, ba su ma yi maganar taro ba sai a zuwa na uku. Irin wannan mutum kada ku aika masa mai babbar mota, kuma kada ku gayyace shi ta saƙon waya. Domin irinsa ake yin taron, in bai zo ba to liyafa kawai kuka yi.

Matan aure kuwa, mace ce za ta je gidan da kanta, ta gaisa da maigida, ta faɗa masa wuri da lokaci, ta tabbatar masa za a tashi kafin magariba, ta kuma ce in yana da hali ya zo a ci abincin rana da shi. Biyu sun zo da mazajensu, babu wadda aka hana.

Zaɓen rana ba wuya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa yana haura digiri 40, ba za ka tara masu shekara hamsin a ƙarƙashin rumfa ba. Da damina hanya ba ta da tabbas. Makon ƙarshe na Disamba ya fi: hunturu ne, yara suna hutu, na kudu suna samun damar zuwa gida. Ku dai kauce wa ranar Kirsimeti saboda 'yan uwanmu Kirista, ku kuma duba kalanda, tunda azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Ku sanar wata shida kafin lokaci. Wanda zai taso daga Yawunde sai ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Gaundare, sannan ya kama mota ta kusan kilomita 280, tikiti kuma yana wuya a ƙarshen shekara.

Yanzu maganar kuɗi, inda yawancin irin wannan shiri yake mutuwa. Mu ma saura kaɗan. Da farko muka yanka sefa dubu 25 a kan kowa, muka riƙa liƙa sunayen waɗanda suka biya a zauren kowace Juma'a, a zatonmu hakan zai zaburar da saura. Sai zauren ya yi tsit. Cikin kwana goma mutum shida suka fita ba sallama. Wata ƙawata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar ta kira ni da dare, ba ta yi ƙorafi ba, cewa kawai ta yi, "Ki gaishe min da su ranar." Ban yi barci ba a daren nan. Kashegari muka rushe tsarin.

Ga wanda muka koma, kuma shi nake ba ku shawara. Mafi ƙanƙanta sefa dubu biyar, wanda bai da ita ya faɗa wa ma'aji a kunne, magana ta ƙare. Mai hali ya ƙara abin da Allah Ya hore masa, amma babu wanda zai san adadin sai ma'aji da mai binciken lissafi. Abin da ake sanarwa kowane mako shi ne jimillar da ta shigo da abin da aka kashe, da hoton rasit, ba sunaye. Ku sayi layi na musamman don Orange Money ko MTN MoMo, kada kuɗin jama'a ya gauraya da na cefanenku, ku kuma sa kuɗin cirewa a cikin lissafi tun farko, don shi ne ke kawo giɓin da ake zargin ma'aji a kansa. Kada a fitar da ko dala sai mutum biyu sun amince. Ku ware kason kuɗin mota tun kafin na abinci, a tura wa na nesa marasa hali a asirce. Kusan kullum za a samu wani attajiri ya ce a bar masa komai. Ku yi masa godiya, ku ce ya zuba a asusu kamar kowa. In mutum ɗaya ya ɗauki nauyin taro, taron ya zama nasa, saura kuma sun zama baƙinsa.

Anko ma daga asusu muka saya, atamfa mai sauƙin kuɗi, aka kai wa kowa nasa tare da kuɗin ɗinki ga wanda ke buƙata. Wasu matan sun so leshi, na ƙi. Lokacin da muke sanye da kayan makaranta iri ɗaya ba a gane ɗan gwamna da ɗan mai faskare, haka nake so a koma ko da na yini ɗaya ne.

Wuri, ku nemi makarantar kanta. Ku rubuta wa provizo, shugaban makarantar, takarda da wuri, tunda lokacin hutu ne da wuya ya hana, ku kuma tanadi ɗan abin hasafi na mai gadi da masu shara. Otal yana da tsada, kuma inda ake sayar da giya wasu ba za su taka ba. Kada ku manta da hukuma: dokar 19 ga Disamba 1990 ta ce taro a wurin jama'a sai an sanar da su-firefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gundumarku, aƙalla kwana uku kafin ranar, a karɓi takardar shaida. Ku kai taku da mako guda a hannu. In kuma kuna da niyyar zama ƙungiya mai asusun banki, wannan rajista ce daban a ofishin firefe, jami'in da ke saman su-firefe, da tsarin mulkinku a rubuce, amma kada ku jira ta kafin ku haɗu.

Abinci kada a wahalar da kai. Shinkafa da miya, soyayyen kifin Binuwai, mai tsire ɗaya a gefe, zoɓon da muke ce wa folere, da shayi. A yi wani ba sukari, don a shekarunmu masu ciwon sukari da hawan jini ba kaɗan ba ne. Ruwan sanyi ya wadata, a tanadi tabarmi da butoci na azahar da la'asar, a kuma ajiye janareta ko wuta za ta ɗauke.

A ranar, babu teburin manya. Kujerun gaba na malamanmu ne kaɗai, uku muka samu da rai a gari, aka aika mota ta ɗauko su. Kowa ya shiga tsohon ajinmu ya zauna a bencinsa na da, har da wanda ya zo da ɗan sanda mai tsaronsa, shi ma mai tsaron a waje ya jira. Aka rufe ƙofa, tsohon malaminmu na tarihi ya miƙe da sandarsa, ya ɗauki takarda ya fara kiran suna. Muryarsa ta dushe amma yadda yake jan sunan bai canza ba. Kowa ya amsa da Faransanci kamar da. In aka zo kan wanda ya rasu, sai abokin bencinsa ya miƙe ya ce, "Ya riga mu gidan gaskiya." Sau tara aka faɗi haka. Ku shirya wa wannan wuri, ku bar shirun ya yi tsawonsa, kada mai gabatarwa ya yi saurin cike shi da magana. Bayan nan liman a cikinmu ya yi addu'a, wani fasto ɗan ajinmu ya yi tasa. Ku gayyaci iyalan mamatan, ko da mutum ɗaya daga kowane gida, ku ba su ambulan a keɓe ba a gaban jama'a ba.

Wajen gabatar da kai minti biyu ya isa, kuma ku hana faɗin muƙami. Tambaya uku muka ba kowa: ina kake zaune, yaya iyali, me ka fi tunawa a ajin nan. Kowa ya yi da harshen da ya fi masa daɗi, Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, duk muna ji. Siyasa a bar ta a bakin ƙofa. A ja kunnen masu barkwanci tun kafin ranar, don laƙabin da ya ba mu dariya muna yara wataƙila mai shi ya yi shekara talatin yana jin zafinsa. Wani a cikinmu ya miƙe ba wanda ya sa shi, ya nemi gafarar wata da ya riƙa tsokana saboda in'ina, ta ce ta yafe tana share hawaye da gefen mayafi. Hoto kuma a tambayi mutum kafin a ɗora shi a Facebook, musamman matan aure.

Mai babur ɗin nan ya zo. A makare ya shigo, cikin ankonsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman inda zai raɓe. Malamin lissafi ya ɗago ya gan shi, ya kira cikakken sunansa ba tare da duba takarda ba, ya miƙa masa alli ya ce, "Zo allo." Ajin gaba ɗaya ya miƙe tsaye.

Cikin mako ɗaya bayan taro ku fitar da cikakken lissafi, kafin zukata su fara saƙe-saƙe. Abin da ya rage mana mun mayar da shi asusun jaje da asibiti, muka rubuta ƙa'ida a fili: nawa ake bayarwa in an yi rasuwa, nawa in an kwantar da mutum, don kada a ce an fifita wani. Masu son a fara adashi mun ce su dakata sai an shekara, a sake sanin halin juna tukuna. Cikin sunaye 71, mutum 44 suka halarta, tara sun rasu, bakwai sun aiko uzuri. Sha ɗaya har yanzu ba mu ji ɗuriyarsu ba. Na sake kwafe sunayensu a sabon shafi, an ce an ga ɗaya a kasuwar Gidar yana sayar da albasa, ranar kasuwa mai zuwa ni da malamin firamaren nan za mu je.