Yadda ake auna illar gubar ƙarfe a saiwar shuka

Kadmiyom da dalma, ƙarafa biyu masu guba, suna shiga ƙasar lambu ta ruwan kwata da ake ban ruwa da shi, da tokar juji mai tsofaffin batura, wani lokaci kuma ta takin fosfat. Saiwa ce take fara cin karo da su, don haka ɗalibin aikin gona a Damagaram da yake son sanin halin da wake ko gero yake ciki, daga saiwa zai fara.

A shuka iri ɗaya a tukwane masu wankakken yashi. Wasu a ba su ruwa mai tsabta domin kwatance, sauran a zuba musu kadmiyom mataki-mataki, daga kaɗan zuwa mai yawa. Bayan mako biyu a tumɓuke, a wanke saiwar, a auna tsawonta. Wadda gubar ta kama takan gajarce, ta koma ruwan ƙasa, ƙananan jijiyoyinta su ragu.

Daga nan sai awon anzim, wato furotin da ke hanzarta aikin sinadarai a cikin saiwar, kuma komai cikin sanyi ake yin sa, domin zafin bazararmu yana iya lalata anzim kafin a kai ga awo. A niƙa saiwar a turmi bisa ƙanƙara tare da ruwan fosfat mai pH 7 (wato tsaka-tsaki a ma'aunin tsami), a juya a na'urar da ke raba ruwa da dusa ta hanyar juyi mai sauri, a sanyin digiri 4 na Salsiyos, a ɗebi ruwan da ya kwanta a sama.

Gubar tana sa ƙwayoyin saiwa su tara wani nau'in oksijin mai lahani. Anzim ɗin da ake kira SOD yana mayar da shi haidurojin faroksid, sinadarin nan da ake wanke miki da shi, sannan wani anzim mai suna katalas ya raba shi zuwa ruwa da oksijin. Ana bin aikin katalas da na'urar auna haske a kan nanomita 240 (ma'aunin tsawon zangon haske), inda ake kallon yadda faroksid yake raguwa.

Wurin fassara sakamako ne aka fi yin tuntuɓe. Idan gubar kaɗan ce, aikin anzim yakan ƙaru, saboda shuka tana kare kanta. Idan ta yi yawa sai ya faɗi, domin kadmiyom yana manne wa furotin, yana kuma ture zinki da ƙarfen da anzim ɗin yake aiki da su. Saboda haka saiwar da ta kusa mutuwa tana iya ba da adadi kusan ɗaya da na lafiyayya, kuma ba za a bambanta su ba sai an haɗa adadin da tsawon saiwa da launinta.