Sassabin zamani: yadda za ka farfaɗo da gonar da ta gaji

Jama'a, duk shekara sai mu share gona ƙal, mu sare ɗan kalgo da sabara, mu tara kara mu cinna wuta, sannan mu zo muna kukan ƙasa ta mutu buhun taki kuma ya fi ƙarfinmu. To ai mu muke kashe ta da hannunmu.

Manoman Maraɗi tun wajen 1983 suka fara wata dabara da suke kira sassabin zamani, yanzu ana maganar hekta miliyan 5 da ta sake yin itatuwa a Nijar, kuma ba shuka su aka yi ba, kututturan da ke cikin ƙasa ne kawai aka bari suka tashi.

Ga yadda ake yi. Lokacin sharar gona ka zagaya ka duba kututturan da suke tohowa, gawo ne ko kalgo ko sabara ko aduwa. A kowane ɗaya ka zaɓi tsiro 2 zuwa 5 waɗanda suka fi ƙwari suka miƙe, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har kusan rabin tsayinsu, da adda mai kaifi, kuma daga ƙasa zuwa sama za ka yi saran don kada ɓawon ya ɓare. Rassan da ka sare ka kewaye tsiron da su, musamman masu ƙaya, saboda awaki. Ka riƙa komawa bayan 'yan watanni kana gyarawa.

Babban gawo kam don Allah kada ka sare shi. Shi da damina yake zubar da ganye, don haka baya yi wa gero inuwa, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna kashi a wurin. Je ka duba geron gindin gawo a kowace gona ka gani da idonka.

Kara kuma ka bar wani a kwance, gara za ta ci ta buɗe ƙasar ruwa ya shiga, iska ma ba za ta kwashi ƙasar sama ba. In ciyawar wuta-wuta ta dame ka, ka cire ta kafin ta yi fure, baɗi ka sa waken suya ko gyaɗa a wurin.

Abu ɗaya, ka yi magana da maƙwabtan gonarka da mai unguwa tun da wuri, in ba haka ba masu neman itacen girki za su sare maka itatuwan da rani.