Yadda ake koyon kula da saba da Active Directory daga kan laftof ɗinka

Ka shiga ofisoshi da yawa a cikin garin Katsina, makarantar kuɗi ce, ko asibiti mai zaman kansa, ko kamfanin sayar da taki da iri, abu ɗaya za ka tarar: kwamfutoci goma sha biyar ko ashirin, kowace cin gashin kanta take yi. Kalmar sirri guda ce, kowa ya san ta, har wanda aka sallama bara. Takardar albashi tana yawo a filashi daga tebur zuwa tebur tana kwasar bairos. Ran da faifan ajiyar akanta ya mutu kuwa, aikin shekaru ya bi ruwa. Irin wannan ɓarna mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, yake hanawa, kuma sana'a ce da matashin Katsina ko Daura zai iya koya yana zaune a ɗakinsa, ba sai ya tafi Abuja ba.

Active Directory, wanda Microsoft ya fito da shi tare da Windows 2000 Server, rajista ce guda ta duk ma'aikata da kwamfutoci da firintocin ma'aikata. Sabar da ke riƙe da rajistar aikinta irin na sarkin ƙofa ne lokacin da ganuwar Katsina take tsaye: mai shiga sai ya tsaya an san ko shi wane ne, an kuma san inda aka yarje masa ya nufa. Kwamfutocin da ke ƙarƙashin hukuncin wannan saba su ake kira domen ɗaya, ita kuma sabar shugabar domen.

Kafin ka taɓa saba, ka ba makonni biyu ko uku ga tushen netwok. Ka san mene ne adireshin IP, me ya sa 192.168.10.5 da 192.168.20.5 ba sa jin juna kai tsaye, mene ne aikin rauta, da bambancin DHCP mai raba adireshi da DNS mai mayar da suna adireshi. Ka saba da umarni uku har su zauna a yatsunka: ipconfig, ping da nslookup. Wanda ya tsallake wannan mataki zai iya haddace inda ake dannawa, amma ran da abu ya ƙi, zai tsaya yana kallon allo.

Sai ka gina ɗakin gwaji. Ba saba ta miliyoyin naira kake buƙata ba. Laftof mai RAM gigabait 8 za ta ja da ƙyar, mai 16 ta wadatar, kuma in za ka kashe kuɗi a wuri ɗaya, ka kashe wajen sa mata SSD. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa yayin kunna laftof, ka kunna VT-x, ko AMD-V in injinka na AMD ne, sannan ka sauke VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar tayar da wasu kwamfutoci a cikin laftof ɗinka, kyauta ce. Microsoft yana ba da Windows Server na gwaji na kwana 180, da Windows 11 Enterprise na kwana 90. Kowanne ya kai wajen gigabait biyar, don haka ka nemi datar dare, ko ku haɗa kuɗi da abokai ku sauke sau ɗaya ku raba. A cikin VirtualBox ka ƙirƙiri kwamfutoci biyu, ɗaya saba ɗaya ta ma'aikaci, ka haɗa su a netwok na cikin gida wanda bai taɓa na waje ba. Duk matakin da ya yi kyau, ka ɗauki hoton yanayin injin, wato snapshot a VirtualBox, kafin ka wuce, domin in ka ɓata gaba ka koma baya cikin minti ɗaya.

Da ka gama saka Windows Server, kada ka yi gaggawa. Abu uku ne farko: ka sauya wa sabar suna zuwa gajere irin DC01, ka ba ta adireshi tsayayye kamar 192.168.10.10, ka daidaita agogonta da lokacin Najeriya. Sauya suna bayan ta zama shugabar domen aiki ne mai wahala, a yanzu kuwa dannawa biyu ne. Daga nan ka buɗe Server Manager ka ƙara mata aikin Active Directory Domain Services, ka ɗaukaka ta ta zama shugabar sabuwar domen. A ɗakin gwaji suna irin gwaji.test ya isa. A ma'aikata ta gaske ka yi amfani da reshen sunan da ma'aikatar ta yi wa rajista, wanda ya ƙare da .ng ko .com.ng. Za a nemi ka sa wata kalmar sirri ta farfaɗo da rajista. Ka rubuta ta a takarda ka adana, domin ranar da za ka neme ta rana ce ta tashin hankali.

Yanzu ga inda mafi yawan masu koyo suke maƙalewa, kuma nan nake so ka daɗe. Za ka je kan kwamfutar ma'aikacin ka ce ta shiga domen, ta ce ba ta ga domen ba. Ka yi ping, saba ta amsa. To me ya hana? DNS ne, kusan kullum. Kwamfuta ba da adireshi take neman shugabar domen ba, tambayar DNS take yi: wa ke riƙe da rajistar gwaji.test? Amsar tana cikin wasu bayanai da ake kira SRV, waɗanda sabarka kaɗai ta san su. In ka bar kwamfutar tana tambayar rautar ofis, ko 8.8.8.8 na Google, ba wanda zai ba ta amsa, don Google bai san da zaman domen ɗinka ba. Ka sa adireshin sabarka ya zama shi ne DNS na duk kwamfutar da ke domen, sabar kuma ka koya mata inda za ta miƙa tambayoyin intanet da suka fi ƙarfinta. Kada ka yarda ka sa 8.8.8.8 a matsayin na biyu wai don ko-ta-kwana; wata rana kwamfutar za ta koma kansa, ma'aikata su kasa shiga, kai kuma ka rasa dalili. Wani abin lura: Windows Home ba ya shiga domen sam. Laftof da yawa da ake saya a kasuwa da shi suke zuwa, don haka ka duba tun kafin oga ya biya kuɗi.

Bayan kwamfutar ta shiga, sai ka ƙago ma'aikata a ranka, ka ce mai mutum ashirin: sashen kuɗi, sashen sito, sashen ciniki, da ofishin manaja. Ka buɗe wa kowane sashe aljihunsa a rajista, wato OU, ka zuba mutane a ciki, ka yi wa kowane sashe rukuni. Ƙa'idar da zan roƙe ka ka riƙe ita ce, izinin buɗe fayil rukuni ake ba, ba mutum ba. In aka mayar da ma'aikaciya daga sito zuwa sashen kuɗi, cire ta za ka yi daga rukuni ɗaya ka sa ta a wani, shi ke nan. Wanda ya riƙa ba mutane izini ɗaiɗai, bayan shekara biyu shi kansa ba zai iya faɗin wa ke ganin takardar albashi ba. Wanda ya bar aiki kuma a rufe asusunsa a ranar, amma kada a goge shi nan take.

Group Policy, wato tsarin kafa wa kwamfutocin domen doka daga saba, shi ne inda za ka fara jin daɗin aikin. Daga kujerarka ka kafa doka cewa allo ya kulle kansa bayan minti goma, babban fayil ɗin sashe ya bayyana wa kowa da ya shiga, filashi ya daina aiki a sashen kuɗi. Kwamfutoci kan ɗauko sababbin dokoki duk bayan kimanin minti 90. In kana sauri ka buga gpupdate /force, sannan gpresult /r ya nuna maka dokar da ta kama da wadda ba ta kama ba. Kowace sabuwar doka ka fara gwada ta a kan kwamfuta ɗaya.

Akwai matsalar da ta fi damun mu nan fiye da masu rubuta darussa a Turai, ita ce agogo. Tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti biyar tsakanin saba da kwamfuta. Yawancin injunanmu na hannu ne, ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe musu lokaci ya gaji, ana ɗauke wuta sai agogo ya koma shekarun baya. Ma'aikaci ya rantse kalmar sirrinsa daidai ce, kuma gaskiyarsa. Ka duba agogo tukuna, ka koyi umarnin w32tm na daidaita agogo, ka ajiye batura a aljihun tebur. Ita kanta sabar tana son UPS da inbata ko sola, da ɗaki mai sanyi, domin zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. A riƙa hure ta a kai a kai.

Daga nan sai ka fara ɓarna da gangan, wanda a ganina shi ne rabin karatun. Ka ƙara saba ta biyu ta zama ita ma shugabar domen, ka kashe ta farko ka ga ko mutane na iya shiga. Ka kunna kwandon shara na Active Directory, domin a kashe yake zuwa, ka goge sashe guda ka dawo da shi. Ka ɗauki ajiyar ko-ta-kwana da Windows Server Backup, ka lalata sabar, ka tayar da ita daga ajiyar. Ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, kada ka ce wa oga akwai ta. Ka riƙa buga dcdiag da repadmin /replsummary kana karanta abin da suka ce, ko da komai lafiya, don ka san kamannin lafiya. Sannan ka sake ƙirƙirar ma'aikatan nan ashirin da PowerShell, wurin buga umarni na Windows, umarnin New-ADUser yana ɗauko sunaye daga takardar Excel da aka adana a tsarin CSV.

Maganar lasisi ba ta kaucuwa. Windows Server na gaske da kuɗi ake saya, har da lasisin kowane mai amfani ko kowace na'ura. Kada ka ɗora rajistar ma'aikata a kan kwafin sata. In ma'aikatar ba ta da hali, Samba, wata manhaja da ake ɗorawa a kan Linux irin Ubuntu Server ko Debian, yana iya zama shugaban domen tun fitowar Samba 4 a 2012, kuma kyauta ne. Ka koye shi bayan hannunka ya faɗa a kan Windows. Haka ma Entra ID, rajistar Microsoft da ke kan intanet, wanda kafin 2023 ake kira Azure AD, tunda ofisoshin da ke amfani da Microsoft 365 a kansa suke. Darussansa suna Microsoft Learn ba ko sisi.

Mai riƙe da asusun gudanar da domen yana iya buɗe fayil ɗin kowa, daga albashi har bayanan marasa lafiya. Amana ce babba, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu nauyin tsare irin waɗannan bayanai. Ka yi wa kanka asusu biyu tun a ɗakin gwaji, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na gudanarwa wanda ba a buɗe imel ko Facebook da shi.

In kai ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Al-Qalam, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ko ta Tarayya da ke Daura, ka nemi SIWES ɗinka ya faɗa inda ake da saba mai aiki: sashen kwamfuta na asibiti, banki, ko cibiyar rubuta jarrabawar JAMB. Ka je da laftof ɗinka da littafin da kake rubuta kowace matsala da maganinta, ka ce wa mai kula da wurin: "Yallaɓai, ga abin da na gina, a duba mini inda na yi kuskure." Da wuya a ba ka kalmar sirrin saba a watan farko. Za a fara sa ka murɗa kan wayar netwok, da sauya wa ma'aikata kalmar sirri, da shigar da sababbin kwamfutoci domen, sai ka karɓa ka yi su da kyau.