Yadda ake haɗa wutar ±12V mara ƙugi don miksa da firi'am

Kayan sauti masu aiki da IC mai ƙara ƙarfin sigina, irin TL072, NE5532 ko 4558, suna son wuta biyu, +12V da −12V, da layin sifili a tsakiya. Wannan haɗin na miksa ne da firi'am da ikwalaiza, babbar amfilifaya mai tura sifika ta fi ƙarfinsa.

A tanadi taransfoma 15-0-15V mai 500mA, dayod 1N4007 guda shida, kwandensa 2200µF 35V guda biyu, 100nF guda huɗu, 10µF guda biyu, regileta (mai tsayar da wuta a 12V) 7812 ta ɓangaren + da 7912 ta ɓangaren −, LED biyu da rasisto 2.2k biyu, sai fiyus 250mA mai jinkirin ƙonewa.

Mutane kan tambayi dalilin sa taransfomar 15V a nemi 12V kacal. Idan wuta ta cika 230V, kowace kwandensa kan tara kusan 20V. To amma wutarmu ba kullum take cika ba. Ta sauka zuwa 190V, abin da zai rage bai wuce 16V ba, alhali 7815, regiletar da ke ba da 15V, tana bukatar wajen 17V kafin ta riƙe aikinta. Nan take ƙugin 100Hz zai ratso cikin sifika. Ita kuwa 7812, 14V ta ishe ta, shi ya sa ta fi dacewa.

Fiyus da makunni suna kan wayar wuta kafin taransfoma. Wayoyin 15V biyu su shiga gadar dayod huɗu, fitar + da fitar − na gadar kowacce ta je kwandensarta ta 2200µF da shigar regiletarta, wayar tsakiya kuma ita ce sifili. Kwandensar ɓangaren + ƙafarta mai alamar − ce ke zuwa sifili. Ta ɓangaren − kuwa ƙafarta ta + ce ke zuwa sifili. Wanda ya juya ta, kumbura za ta yi ta fashe.

Regiletocin kamarsu ɗaya, ƙafafunsu daban. Idan rubutun na fuskantarka, ƙafafu na ƙasa, 7812 daga hagu: shiga, sifili, fita. 7912 kuwa: sifili, shiga, fita. Ƙarfen bayan 7812 sifili ne, na 7912 wutar shiga ce, don haka kada a ɗaura su kan alminiyon sanyaya guda sai da maika (siririn faifai mai hana wuta ratsawa) da wosha ta roba a tsakani. Gara ma kowacce da nata. Sanyayawar dole ce: a 200mA kowacce na ƙona wajen 1.6W.

A liƙa 100nF a shiga da fita, dab da ƙafafun, a ƙara 10µF a fita. 7912 ba ta zama daidai idan babu abin da ke jan wuta, LED da rasistonta za su magance wannan. Ragowar dayod biyun a sa su a juye tsakanin kowace fita da sifili, don kada ɓangare ɗaya ya maƙale lokacin kunnawa.

Yawancin ƙugi daga sifili yake fitowa. Wayar tsakiyar taransfoma ta je mahaɗar kwandensa biyun da gajeriyar waya mai kauri. Daga nan a ja waya ɗaya zuwa wuri guda inda regiletoci da allon sauti za su ɗauki nasu. Kada a ɗauki sifilin sauti daga kan wayar da ke tsakanin taransfoma da kwandensa, nan ne wutar caji ke bugawa. A nisanta taransfoma da wayoyin makirfo, a murɗa wayoyin 15V tare, akwatin ƙarfe kuma a haɗa shi da wayar ƙasa ta soket.

Gwajin farko a yi shi da ƙwan fitila mai zare na 60W a jere da wayar wuta. Ya yi ƙyal ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske, akwai shot, a kashe. Mita ta nuna tsakanin 11.5V da 12.5V a kowane ɓangare kafin a jona allon sauti. A cire filogi kafin a taɓa komai, a kuma sauke cajin kwandensa da rasisto 1k, ba da sukundireba ba.