Kafin ku miƙa kyautar origami

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da 'yar shawara ga masu son ninke takarda su yi kyauta da ita, wato origami, fasahar nan da aka san Japan da ita.

Ku nemi takarda marar kauri, santimita 15 kowane gefe. Mai kauri tana tsagewa a kan layin ninki, musamman wajen wuya da baki idan tsuntsu kuke ninkewa. Kowane ninki ku bi shi da farcen babban yatsa har ya kwanta sosai, don idan na farko ya karkace, sauran duk binsa za su yi.

Inda na fi so ku kula shi ne ɗaukar kyautar. Na taɓa ninke wa ƙanwata tsuntsun nan mai kama da gauraka, na jefa shi a jaka haka kawai, kafin in isa fiffike ɗaya ya murƙushe. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Tun daga nan nake ninke ɗan akwati da takarda biyu, ta gindin in rage mata kamar rabin santimita domin murfin ya shiga ba wahala. Tsuntsun kuma a kwance nake sa shi, mai shi ya buɗe fikafikan da hannunsa.

Ku gaya wa waɗanda kuka ba kyautar su ajiye shi nesa da danshi da hasken rana, don launin yana koɗewa. Yara ƙanana kuwa a ninke musu babba, kada su kai baki.